Ranar da fasfo ɗina ya yi wanka

Shekarun baya, cikin alif ɗari tara da tamanin da wani abu, ina wanke kwanuka a wani gidan abinci na 'yan Thailand a Takoma Park. Da sunan ɗalibi na shigo Amurka, amma ni da aji sai dai gaisuwa daga nesa. Saboda haka duk wanda ya kalle ni sau biyu, a wurina ɗan imigireshan ne.

Wata Juma'a cikin Afrilu, Madam mai gidan abincin ta tare ni a kicin. Ta ce jibi sabuwar shekararsu ce, Songkran, in same su a wurin ibadarsu. "Ka sa tsohuwar riga. Kuma kar ka zo da takarda ko ɗaya a aljihu."

Sabuwar shekara a Afrilu? Na kai maganar wurin abokina ɗan Jos da muke ɗaki ɗaya.

Ya ce, "Mutumina, an sayar da kai. So ake a damƙe ka ba shaida."

"To kar in je?"

"Ka ƙi zuwa ta kore ka. Je, amma da takardunka kaf."

Ranar Lahadi na zuba kaftanin sallata, na cusa fasfo da takardar makaranta a aljihun ƙirji. Ina shiga na fara ƙirga ƙofofin gudu. Sai na ga layi, mutane suna durƙusawa suna zuba wa tsofaffi ruwa mai furanni a hannu. Madam ta tura ni gaban mahaifiyarta. Na zuba, tsohuwa ta shafa mini a ka tana addu'a da yarensu. Har na fara jin kunya.

Ina fitowa waje, kukunmu ya juye mini bokiti guda ta baya. Ruwan sanyi, jama'a! Kafin in juya yara sun ƙara biyu. Ashe wasan ke nan, kowa jiƙa kowa yake yi. Na zaro fasfo yana ɗiga, na fasa ihu da Hausa zalla.

Madam ta karɓe shi. Ta ja ni kicin ɗin wurin ibadar, ta riƙa busar da shi shafi-shafi a kan murfin tukunyar shinkafa. Biza ta tsira, hotona ne ya koma kamar na kakana.

Tana miƙo mini ta ce, "Tun watan da ka fara aiki na san ba ka zuwa makaranta. Da kiran wani nake so, ai akwai waya a shagona." Ranar Litinin ta mayar da aikina yamma, ta ce da safe in tafi aji.

Har yau ina da zargin mutane, ban warke ba. Amma na lura duk wayon da nake taƙama da shi, matar ta gama karanta ni tun ina goge tukunya, ta yi shiru abinta.