Ranar Da Na Yi Ihu a Ƙofar Gidan Lilo

A shekarar da wani Alhajin unguwarmu ya buɗe gidan lilo a Matameye, ni aka ɗora wa lalube mata a bakin ƙofa. Sana'ata ɗinki ce, ban taɓa aikin tsaro ba sai wannan karon.

Alhajin ɗan kasuwa ne, gero da wake yake saye a Yauri da Dawce yana kaiwa Damagaram. A can ya ga wurin wasan yara, ya ce me zai hana namu su samu. Yana da wani fili mai katanga a bayan tasha inda yake tara buhuna. Da ƙaramar Sallah ta matso ya sa aka share shi, aka kafa lilo na ƙarfe, da wani mai juyawa mai dawakan roba, da ƙatuwar katifar iska da yara ke tsalle a kai, injin wuta na hura ta. Ƙofa biyu gare shi, babba ta gaba, da ƙarama ta baya mai fita lungun maƙera.

Sai dai lokacin ba na sakin jiki ba ne. Mu dai babu abin da ya taɓa tashi a garinmu, amma kullum rediyo na kawo labarin gabas da na ƙetaren iyaka, an shiga kasuwa, an shiga tasha, an kashe mutane a taro. Ana kuma cewa mata ake ɗaura wa abin fashewa a ciki su rufe da hijabi. Don haka hukuma ta ce ba za a buɗe wurin ba sai da bincike a ƙofa. Matar Alhaji, wadda nake yi wa ɗinki, ita ta ba da sunana.

Ana jibi Sallah wani jandarma mai furfura ya zo ya koya mana aikin, mu uku, maza biyu da ni. Ya nuna mana yadda ake bin jiki da tafin hannu, sannan ya dube ni ya ce, "Madam, in hannunki ya taɓa abin da ba ki gane ba, kada ki ɗaga murya. Ki ce mata ku koma gefe, ki ɗaga mini hannu, ina nan gindin dogon yaro. Ihu a cikin taro shi ma yana kisa." Ya kuma gaya wa Alhaji ƙofar baya kada a rufe ta, a sa mutum ya tsaya a wurin.

Aka ba ni wata riga marar hannu mai ruwan ɗorawa na ɗora kan hijabina. Ba zan ɓoye ba, rigar ta shiga kaina. Matan da nake durƙusa wa in gwada musu zane, ga su suna ɗaga hannu a gabana. Su ɗin shafa kawai nake yi ina dariya. Waɗanda ban sani ba, matan ƙauye da baƙi, su nake matsa wa har sai sun ɓata fuska.

Ranar Sallah na lura wasu 'yan mata na shigowa ta baya ba tare da sun bi ta hannuna ba, don mai tsaron wurin hira ta fi ɗauke masa hankali. Abin ya ɓata mini rai, kamar an raina ni. Na sami Alhaji na ce, "Alhaji, in ana shiga ta baya, aikin me muke yi a gaba?" Washegari aka sa wa ƙofar sarƙa da kwaɗo. Jandarman bai sani ba, don daga inda yake zama ba a hango ta.

Ranar biyu ga Sallah, bayan la'asar, wurin ya cika maƙil. 'Yata mai shekara bakwai na ciki tare da 'ya'yan maƙwabta. Layin mata ya kai bakin hanya, zufa na keto mini. Sai ga wata mata doguwa siririya cikin hijabi ruwan toka, riƙe da 'yan mata biyu masu riguna iri ɗaya. Ta gaishe ni, na ji Hausarta ta Barebari ce. Tun daga nan na fara zarginta, tun kafin in taɓa ta.

Na bi kafaɗunta, na gangaro. A kan cikinta hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri, mai kusurwa huɗu, an ɗaure shi tamau da ɗankwali. A gefensa na ji waya siririya tana lilo.

Ta dafa hannuna ta ce, "Tsaya, 'yar uwa, in gaya miki."

Ban tsaya ba. Na fizge hannuna na ƙwalla ihu, "Bam! Bam gare ta!" Na ture matar da ke bayanta na fita da gudu. Sai da na kai cikin tasha, ba takalmi a ƙafata, na tuna 'yata na ciki.

Abin da ya faru a filin daga baya aka ba ni labari. Da aka ji ihun daga ƙofar gaba, kowa ya nufi ta baya, suka tarar da sarƙa. Na baya na turo na gaba, na gaba ba inda za su. Wani ya harɗe da wayar injin, katifar iska ta sace ta rufta kan yaran da ke kanta. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa da alawa a jikin katanga aka bi ta kanta. Allah ya sa maƙeran lungun ba su tafi yawon Sallah duka ba. Su suka ji kururuwa suka zo da guduma suka ɓalle ƙofar daga waje.

Da na dawo ina haki, na tarar samarin tasha sun kewaye matar da sanduna. Ba ta gudu ba. Tana tsaye a inda na bar ta, hannayenta a sama, 'ya'yanta sun ƙanƙame ƙafafunta. Wani ya riga ya fasa mata goshi, wani ya fizge hijabin, kanta a buɗe gaban maza. Jandarman ya kutsa ya tsaya tsakaninta da su, ya daka musu tsawa suka ja baya. Ya ce mata ta kwance abin da kanta, a hankali.

Gwangwanin biskit ne ɗan fale-fale, fentinsa duk ya goge. Ta buɗe ta miƙa masa. Takardun haihuwar yaran ne a ciki, da katin ɗan ƙasa na wani namiji, da ƙaramar salula, wayar cajinta ce ta leƙo waje.

Jandarman ya ɗauki hijabin daga ƙasa ya kaɗe ya ba ta. Sannan ya juyo yana neman rigar ɗorawa, ya gan ni.

"Wa ya yi ihu?"

Na ce, "Ni dai cewa na yi a zo a duba ta. Wani ne daga baya ya ce bam."

Bai ƙaryata ni ba. Ya ce, "Cire rigar ki ba ni."

Ba a rasa rai ba, wannan ikon Allah ne. Yara da dama sun kurje, wani ya karye a hannu. Tsohuwar ce ta fi jin jiki, ƙugunta ya goce, aka ɗauke ta a amalanke zuwa likita. 'Yata na same ta zaune a lungun maƙera, leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya ya fita, ɗankwalinta ya ɓace.

Abin mamaki, a unguwa yabo na sha. Mata na shigowa yi mini jaje suna cewa, "Gara da kika farga. Da na gaske ne fa?" Wata ta ce ai irin waɗannan baƙin ba a san cikinsu ba. Ina zaune a kan keke ina cewa, "Wallahi kuwa." Har na fara ƙara wa labarin gishiri, ina cewa matar ta yi yunƙurin riƙe ni.

Maigidana direban taksi ne tsakanin Matameye da Damagaram, ba mai yawan magana ba. Kwana uku yana jin ina maimaita labarin. Ran na huɗu da safe ina shafa wa yarinyar man kaɗanya a leɓe, shi yana shan koko, sai yarinyar ta ce, "Inna, ai na ji muryarki. Da kika ce bam na sauko daga lilo ina neman ki, ban gan ki ba."

Na ce ta yi shiru magani zai shiga bakinta. Maigidan ya ajiye ludayi ya ce, "Matar nan mai gwangwani a bayan gidan mai niƙa take. Lungu uku ne daga nan. Ta fi shekara a garin." Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Sai da na yi sati biyu kafin in iya zuwa. Na ɗinka wa yaran riguna daga wata atamfa da na ajiye wa kaina, da kintace, don ba ni da awonsu. Na same ta a wani ɗan ɗaki na ƙasa da aka ba ta aro, tana tsince wake. Goshin ya kame, ya bar baƙin tabo. Ƙaramar yarinyar na ganina ta shige bayan ƙyaure.

Muka gaisa kamar ba komai. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa. Na ajiye shi gefe. Na ce, "'Yar uwa, ni ce ta bakin ƙofa."

"Na gane ki."

"Ni na yi ihun. Na gaya wa jandarma wani ne, ƙarya na yi. Na zo ki yafe mini."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce su mutanen wajen Diffa ne. An shiga ƙauyensu an ƙone, mijinta bai fito ba. Gwangwanin kaɗai ta ɗauka. A hanya duk shingen da suka zo takarda ake tambaya, wanda ba shi da ita a sauke shi. Tun daga nan ba ta iya barin shi a ɗaki, ko rijiya za ta sai ta ɗaura.

Ta ce, "Yaran nan tun azumi suke jin ana zancen lilo. Ban taɓa kai su wurin taro ba sai ranar. Na ce miki tsaya."

Na ce, "Kin ce."

"Allah ya yafe mu gaba ɗaya." Ta faɗe shi ba tare da ta ɗago ba. Na tura ledar rigunan gabanta, ta yi godiya, ba ta buɗe ba. Har na miƙe ta ce, "In kina son yi mini wani abu, ki gaya wa matan unguwarku abin da ke cikin gwangwanin. Da surfe da wankau nake ci da yaran nan. Tun ranar babu wadda ta aiko a kira ni."

Ashe duk kwanakin da nake karɓar yabo, ita aiki ya yanke mata.

A satin aka yi suna a gidan maƙwabta. Ana cikin rabon tuwo na tashi tsaye na ce ina da magana. Na faɗi abin da ke cikin gwangwanin, na faɗi cewa ba ta riƙe ni ba, ni na yi ihu, ni na gudu na bar 'yata, kuma ni na sa aka rufe ƙofar baya. Wata ta yi 'yar dariya ta ce ai ya wuce, a ci abinci kada ya huce. Matar Alhaji kuwa, washegari ta aika aka kira matar ta yi mata surfe. Wasu biyu suka bi bayanta. Sauran ba su kira ta ba.

Tsohuwar mai gyaɗa ta fito daga gidan likita da sanda, har yanzu da ita take tafiya. Na je gaishe ta, na fara yi mata bayani, ta katse ni ta ce ƙaddara ce, ta sa mini albarka don na kawo mata fura. Albarkar nan ta fi zagi yi mini nauyi.

Da babbar Sallah aka sake buɗe gidan lilon. Ƙofofin biyu a buɗe, an ja igiya an raba layi, an kafa labule a gefe inda mace za ta shiga a duba ta ba a gaban mutane ba. Wata malamar likita aka sa a wurin. Ban je ba, 'yata ma ta ce ba ta so.

Matar ta yi ta zama a garin har aka yi girbi. Mukan haɗu ranar kasuwa, in gaishe ta, ta amsa, kowa ya wuce. Ban taɓa ganin rigunan a jikin yaran ba, wataƙila kintacen nawa bai yi daidai ba. Wata rana maigidana ya dawo da yamma ya ce yau ya kai ta Damagaram da 'ya'yanta da ƙullin kayansu, ta ce ta sami wani ɗan uwan mijinta a can. Ya ce a kujerar baya ta zauna, ƙaramar ta yi barci a cinyarta tun kafin su fita gari.

Na tambaye shi ko ta ambace ni. Ya ce a'a.