Masarar da Inna ta so ba kaji

"Inna, kar ki ba kaji wannan," na ce, na riƙe hannunta.

Jiya ke nan a Kontagora, tana ware masarar iri cikin wadda aka kawo daga gonarmu ta Auna. Ta ci karo da wata farar masara mai ɗige-ɗigen ja, ta ce lalatacciya ce.

Ni da nake koyar da ilimin halittu, na yi mata bayani. A cikin ƙwayoyin gadon masara akwai 'yan guntaye da ba sa zama wuri ɗaya. In suka dira kan ƙwayar da ke ba da jan launi, sai ta daina aiki. In suka tashi, sai jan ya dawo. Wani lokaci masarar kan naɗe wurin tam don su zauna shiru.

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Haka nake ɗaure ki a baya in kin nufi murhu da rarrafe. To, ba a yar da marar ji."

Ta rataye masarar a saman madafa tare da irin baɗi.

Ku wa aka riƙa ɗaurewa a gidanku?