Mama Ta Dawo Da Damin Gero

Mama ta dawo, jama'a. Da ƙafarta, da rana tsaka, da damin gero a kai. Na sa a sitatus tun kafin in kawo mata ruwa, kuna ta turo min hannuwan addu'a da tambayar yaya aka yi. To ga yadda aka yi.

Bikin suna ta je Konni, ƙanwarta ta haihu, sai aka rufe boda tana can. Tana da hawan jini, maganin da ta tafi da shi na 'yan kwanaki ne, wanda ta saya a can kuma jiri yake sa ta. Baba ya rasu tuntuni, ni ce babba, na dawo hutu daga makaranta. Sai kowa ya zuba min ido.

Kawu, yayan Mama, ya ce a samu ɗan kabu-kabu ya ɗauko ta ta daji. "Ke ɗiyar nan, karatu ya sa ki tsoro. Kowa haka yake yi." Amma ni na san labaran hanyar nan, na san waɗanda suka bi ta aka ƙwace babur aka bar su a ƙasa. In na ce a jira, magani. In na ce a ɗauko ta, daji. Duk wanda na zaɓa, in abu ya faru, ni ce.

Na yi addu'a. Ba wani kuka, ba komai, kamar ina magana da bango. Na ce Ubangiji ka ba ni hikima, ɗaya cikin biyun nan, ka nuna min kawai. Na yi azumi, yunwar ma ban ji ba. Har abin nan na yi da muke yi a ɓoye, in rufe ido in buɗe Littafi Mai Tsarki in dangwala yatsa. Na faɗa kan wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Na rufe. A coci mata 'yan zumunta suka ɗora min hannu suna roƙo cikin sunan Yesu, ni kuwa ina kallon takalmin wata, igiyarsa ta tsinke an ɗaure da leda.

Kullum da yamma nakan je bayan gari in kira Mama, nan netwok ya fi kamawa. Ta ce lafiyarta lau. Ƙarya take, ina jin numfashinta.

Ina dawowa wata rana na tarar da maƙwabciyarmu Hajiya tana shanya kuɓewa. Ita ta yi min wankan jarirai, ba ta raga min.

"Ke, mi ya same ki kike tahiya kamar kazar da ruwa ya daka?"

Na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Shi ne kika zauna kina ta latsa waya, ba ki ƙetaro katanga ba? Gonarmu ta gado rabi nan take, rabi can. An soma yankan gero. Mata na shiga da sahe su hito da dami, wa ya taɓa tambayar mai dami takarda? Ki ce ta sa tsohon zane, ta bar jakar nan tata ta zuwa coci."

Na ce, "Hajiya, haka kawai?"

"Awo. Mi kike so, mala'ika?"

Ni ban ji wata murya daga sama ba. Ban ma ji daɗi ba a lokacin, gaskiya. Na dai kira Mama na maimaita mata, kalma bayan kalma.

Yau na tsaya bakin gonar. Mata na fitowa a jere, duk kamarsu ɗaya, sai ga wata mai ƙaramin jiki a baya tana tafiya a hankali, Mama ce. An ba ta ɗan dami mara nauyi. Na sauke mata, na miƙa mata ƙwayar maganinta, ta haɗiye ba ruwa. Ta ce, "Kin rame." Na ce ke ma. Ko rungumarta ban yi ba.

Yanzu tana barci, takalmanta na bakin ƙofa da ƙaiƙayi a jiki. Ina ta leƙa su.

Mutane da yawa sun taya mu addu'a, wasu ko lambarsu ba ni da ita. Don Allah wanda ya karanta ya tura gaba, ya kai gare su, su san ta iso.