Uwar 'Yar Fari a Ɗakin Duba Yara

A shekarar da sojoji suka koma bariki, hotunan 'yan takara duk sun rufe katangun Ƙofar Ruwa, ina cikin horon zama likitar ƙwaƙwalwa, na kuma kafe sai ɓangaren yara zan ƙware. A unguwa ana ce mini likitar mahaukata, a asibiti ana cewa yaro me ya sani har da zai shiga damuwa. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a tanƙwara ni. Malamina, babban likitan sashen, mutumin kudu ne, Hausarsa ta cefane ce kawai. Da na ishe shi da naci sai ya ba ni wani ɗan ɗaki duk ranar Talata, ya ce in duba yara in kawo masa fayil mu tattauna.

Wata Talata aka kawo yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Wata biyu ba ta magana, abinci sai an yi da gaske, ta rame kamar sillen kara. Kakarta ta wajen uba ce ta shigo da ita, wata Hajiya mai baki, uwar tana biye a baya. Hajiya ba ta ɓoye mini komai ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, asibitin ma ɗanta ne ya matsa. Talata biyu ta ba ni. In ba ta ga sauƙi ba, ƙauye za ta kai ta wurin wani mai cire iska. Na san irin wuraren nan, na sha ganin yaran da aka dawo da su da tabon mari a ƙafa.

Na juya ga uwar kamar yadda littafi ya koya mini, na tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta kalli bango ta ce in tambayi Hajiya. Na tambayi sunan yarinyar, ta yi gum. Mayafin yarinyar ya zame ƙasa, ko hannu ba ta miƙa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja biro na rubuta da Turanci cewa uwar ba ta damu da 'yarta ba, babu shaƙuwa a tsakaninsu. Malam ya karanta ya gyaɗa kai, ya ce lallai mun gano bakin zaren.

Da la'asar na tarar da Innata tana tsinkar zogale. Na zauna ina ta faɗa a kan iyayen zamani, ban dai ambaci kowa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaya ko yarinyar 'yar fari ce, kuma ko surukar matar tana wurin. Na ce e.

"Amma dai boko ya cuce ki," in ji ta. "Ke da kika tashi a gidan nan, yaushe kika taɓa jin sunanki a bakina?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ma 'yar fari ce. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna kulawarta gare shi a gaban mutane, balle gaban suruka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na san haka tun kafin in san baƙi da wasali, amma da na sa farar riga sai na manta.

Washegari na je wurin Malam na ce kuskure ne, kuma nawa ne. Ya ce ba a goge fayil, in ja layi ɗaya a kai in sa hannu. Na ja, na kuma ƙudurta cewa yarinyar nan ba za ta je ƙauyen nan ba.

Talata ta zagayo. Na gaida Hajiya har ƙasa, na ce ya kamata ita ma a auna jininta, na haɗa ta da nas, na raɗa wa nas ɗin kada ta yi sauri. Yarinyar na zaunar da ita a baranda. Da muka rage mu biyu, ni da uwar, ban ce 'yarki ba, cewa na yi 'yar Hajiya. Ai kuwa sai magana ta ɓalle. Matar nan ta san loma nawa yarinyar ta ci jiya. Ta ce goggon da ta riƙe yarinyar tun daga yaye ce ta rasu, ita kuwa tana makaranta. Hajiya don tausayi ta hana a faɗa mata, aka ce goggo ta tafi Borno ganin dangi. Kullum yarinyar tana zaune a zaure tana kallon hanya. Ran nan ta ga zanen goggon a jikin wata maƙwabciya da aka yi wa sadakar kayan mamaciyar. Tun ranar ba ta sake cewa uffan ba. Uwar tana gani, amma da wane baki za ta tsallake maganar suruka a kan 'yar fari?

Shawo kan Hajiya ba ƙaramin aiki ba ne. Da ta dawo na roƙe ta a faɗa wa jikarta gaskiya, ta ce ni yarinya ce, ban san zafin mutuwa ba. Na haɗiye, ni da ba na haɗiye magana. Na ce ita ce babba, ba za a faɗa ba sai da yawunta, kuma in bai yi amfani ba ta ɗora mini laifin. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce mu yi abin da muka ga ya dace, amma ita ba za ta iya zama a wurin ba. Ta fita tana share ido.

Na shigo da yarinyar daga baranda, na zaci ni zan faɗa. Uwar ta ce a'a, in dai rufe ƙofa. Ta jawo yarinyar jikinta, ta gaya mata goggo ta rasu, an yi mata sallah, an binne ta.

Yarinyar ta ɗago kai ta dubi uwarta. Can ta buɗe baki da wata dusasshiyar murya.

"Ai na sani. Jira nake wani ya faɗa mini in yi kuka."

Ta kuwa yi shi, har ana ji daga baranda. Uwar ta riƙe ta gam ba ta saki ba har aka kira azahar. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina ba masu jiran layi haƙuri.