Hannun Marigayi

Sau ɗari huɗu da wani abu ya mutu kafin ya cika shekara sittin, shi ya sa duk unguwa ake kiransa Marigayi. An harbe shi, an soke shi, an zuba masa guba a shayi, ya faɗo daga tsani, sau ɗaya ma dariya ce ta kashe shi. Duk a kan dandamali ɗaya, a wani tsohon sito da aka jera wa kujeru ɗari biyu aka mayar gidan wasan kwaikwayo, rufinsa na yoyo ta kusurwar hagu. Matarsa kaɗai ce ba ta son sunan. In masu kayan miya suka ce mata, "Matar Marigayi, me za a ba ki?" sai ta ce, "Ku ba ni lafiya. Yanzu na baro shi yana ci kamar gara."

Ba jarumi ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Aikinsa na safe ɗaurin littattafai ne a wata maɗaba'a, ya naɗe takarda, ya ɗinke, ya shafa gam. Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka aike shi ya kai takardun sanarwa gidan wasan, ya tarar ana rigima. Wanda zai fito a gawa ya ƙi kwanciya, wai uwarsa ta yi mugun mafarki. Daraktan wancan zamanin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, ka iya kwanciya?" Ya ce tun yana jariri yake yi. Aka kwantar da shi, daga ranar bai sake tashi ba.

Mutane suna zaton wannan ba aiki ba ne. Su gwada. Faɗuwa kowane shashasha ya iya. Wuyar tana bayan an faɗi: minti goma kana shimfiɗe, fitila na gasa ka, ƙuda na sintiri a hancinka, wani na kuka a kanka yawunsa na sauka a goshinka. Shi ya koyi yin numfashi ta bayan haƙarƙari, har wanda ke sahun gaba ba ya ganin ƙirjinsa na tashi. Ba ya cin komai awa huɗu kafin wasa, don kada ciki ya yi ƙugi a tsakiyar makoki. An taɓa yin wata ma'aikaciyar jinya da ta taso daga cikin 'yan kallo ta ce lallai a bar ta ta duba shi. Wannan labarin ya ba 'ya'yansa shi ya fi sau ɗari, har suka fara guduwa in ya ɗauko shi.

Wanda ya fi kowa kashe shi, kuma ya fi kowa yi masa kuka, shi ne Dogo. Shekara talatin suna tare ba su taɓa gaisawa ba tare da baƙar magana ba. Dogo mai murya ne, mai son a ji shi, in aka ba shi kukan minti biyar sai ya kai shi bakwai, rabi don 'yan kallo, rabi don ya ga ko gawa za ta motsa. Ba ta taɓa motsawa ba. In an tashi, sukan kifa akwati a ɗakin sauya kaya su dafa gwiwar hannu su yi kokawar hannu. Hannun mai ɗaurin littafi ba abin wasa ba ne. Dogo bai taɓa kayar da shi ba.

A maɗaba'a abin ya fara. Wata safiya ya ajiye allura ya ɗora hannun dama a kan tebur, sai ya ga babban yatsa yana murza ɗan'uwansa shi kaɗai, kamar mai murza gishiri. Ya ɗauki allura, yatsa ya daina. Ya ajiye, ya ci gaba. Wata shida yana kallon abin bai gaya wa kowa ba, har matarsa ta ji cokali na ƙwanƙwasa kofi ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ta sa shi ya yi tafiya, ya rubuta sunansa, ya taɓa hancinsa. Ta ce ciwo ne na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba ya warkewa, magani yana rage shi ne kawai, kuma gaba zai riƙa yi a hankali: hannu, sai ƙafa, sai murya. Matar ta sunkuyar da kai. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi.

"Likita, zan iya kwanciya minti goma ban motsa ba?"

"In barci kake yi, i. Wannan ciwon, lokacin da hannu ba ya aikin komai ne ya fi rawa."

"To ai ni rashin aikin shi ne aikina," in ji shi. Likita ba ta gane ba, bai kuma yi mata bayani ba.

Shekara guda ya ɓoye. Duk inda aka harbe shi, ta dama yake faɗuwa ya danne hannun da jikinsa. Sai sabon darakta, wanda sa'an babban ɗansa ne, ya kawo wasan da ba a faɗuwa a cikinsa. Wani dattijo ne ya mutu a gadonsa, rigingine, mayafi zuwa ƙirji, hannaye a kan mayafi. Ƙanensa ya shigo ya durƙusa yana faɗin cutar da ya yi masa shekara da shekaru, har da gonarsa da ya sayar. Minti tara. Dogo ne ƙanen.

Ranar farko, a minti na uku, hannu ya fara. Marigayi yana jinsa yana kaɗawa a kan farin mayafi kamar kifin da aka jefo tudu, ba yadda zai yi. Dogo ya ɗaga murya don ya janye idon mutane, ina. Wani daga baya ya ce, "Kai ƙane, yi sauri, yayanka na kiranka!" Gida ya ɗauki dariya. A shekara talatin da takwas ba a taɓa yi wa gawarsa dariya ba.

Darakta ya same shi a ɗakin sauya kaya, ya rufe ƙofa, ya tsuguna.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ka tambaya?"

"Na yi tunani. Za mu ja mayafin ya rufe har kai, mu jera matasan kai a ƙasa. Kai kuma akwai tsohon mai gadi a fitowa ta biyu. Rawar hannun ma za ta dace da shi."

"Wato matashin kai ne zai gaje ni."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Haka kake nufi, kunya ce ta hana ka faɗa. Ba na son mai gadinka. Ba ni lokaci zuwa Asabar. In hannun nan ya motsa, ni da kaina zan ɗauko maka matasan daga gidana."

Darakta ya ce to, Asabar, amma daga ita babu wata.

Ranar Talata matarsa ta ɗinka masa maɗauri da tsohon bel, aka ɗaure hannun a cinya, aka rufa mayafi. A wajen gwaji hannu bai fito ba, amma rawar ta bi cinya ta shiga gado, gado ya kama ƙara ƙiƙi-ƙiƙi. Kafintan gidan ya ce a bari ya ƙara ƙusa. Ya ƙara, gado ya sauya murya kawai.

Ranar Laraba ya haɗiyi ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Rawa ta lafa, sai kafaɗa da wuya suka kama murɗawa da kansu, ga jiri, ga tashin zuciya. Matar ta ƙirga abin da ya rage a kwalba ta gane. Ta ɗauke kwalbar ta kulle a akwatinta.

"Mutuwar wasa ba ta ishe ka ba, ta gaske kake nema? Shekara talatin ana kirana matar Marigayi ina ƙaryatawa. Ba za ka gaskata su a kan wani gadon katako ba."

"Uwar yara, ba ki san abin da ake ji ba."

"Na sani. Karɓi ɗaya, sha ruwa."

Ranar Juma'a bai yi gwaji ba. Ya zauna a ɗakin sauya kaya, hannu na ta rawa a kan gwiwa, yana kallonsa kamar ɗan da ya fi ƙarfin uba. Dogo ya shigo yana goge wuya da tawul.

"A'a, Marigayi, ganga kake koyo da tsufa?"

"Da hannun nan na kayar da kai shekara talatin."

"Da can. Yanzu ko jikata ta kayar da kai."

Marigayi ya jawo akwati da ƙafa ya kifa shi. Dogo ya so ya zame, ya ga idon mutumin, ya zauna. Suka dafa gwiwa, suka kama. Dogo ya tura, shi ma ya tura. Sun jima a haka, babu wanda ya kai wani ƙasa. Sai Marigayi ya lura da abin da ke gabansa. Hannun yana tsaye cak, ko gezau. Ya daɗe da sanin cewa in hannun ya samu aiki yana natsuwa. Abin da ya rasa shi ne aikin da gawa za ta yi mutum ɗari biyu suna kallo ba su gani ba.

"Tsaya," ya ce. "Kada ka saki."

"Ka gaji ke nan?"

"Rufe mini baki ka saurara. Gobe in ka durƙusa, kama hannuna da hannu biyu, kamar mai neman gafara. Ka danna ƙasa, ni in tura sama. Kada ka sassauta har a ja labule."

Dogo ya dube shi. "Minti tara? Kokawa da gawa, ina kuka, ina tuna magana?"

"In ba za ka iya ba ka faɗa. Na san ƙarfinka a maƙogwaro yake."

"Roƙona kake yi ko zagina?"

Wannan ta fi ƙwaya ɗaci. "Roƙo ne."

"Sake faɗa, kunnena na dama ba ya ji sosai."

"Dogo, kada ka wuce gona da iri."

Darakta ya ga gwajin sau ɗaya, ya ce ƙane ya riƙe hannun yayansa ba laifi ba ne, amma sharaɗi na nan yadda yake.

Asabar da yamma gida ya cika, har da waɗanda suka dawo don su sake ganin gawa mai kiran mutane. Matarsa ta ba shi ƙwaya ɗaya a kan lokaci, ta zauna a sahun ƙarshe da jakarta a cinya. Aka ɗaga labule. Dogo ya shigo, ya durƙusa, ya kama hannu, ya danna.

Minti uku na farko lafiya. A na huɗu kafaɗa ta fara zafi. Ashe ɓoye numfashi kana kwance daban, ɓoye shi kana kokawa daban. Ya riƙa jan iska kaɗan-kaɗan ta baya, kamar mai sata. A na shida ya ji gumi na tsattsafowa a goshinsa, gawa kuwa ba ta gumi. Dogo ya gani. Ya kifa fuskarsa a kan goshin yana rusa kuka, ya goge shi da hularsa. Wata mata a gaba ta fara sheshsheka.

Daga nan ƙarfi ya fara ƙarewa. Ya ji rawar tana taruwa a gwiwar hannu, tana neman hanya. Dogo ya sunkuyo kamar kuka ya ci ƙarfinsa, ya sa baki a kunnensa.

"Tura mana, raggo. Jikata ta fi ka."

Ya tura. Da me ya tura, shi ma bai sani ba. Bai ji tafi ba, ƙarar ƙarfen labule kawai ya ji. Babu wanda ya yi dariya.

Darakta ya shigo da gudu zai rungume shi. Marigayi ya ture shi da hannun hagu, don na dama ya ƙi ɗaguwa, ya juya wajen Dogo.

"Minti nawa ka yi?"

"Tara mana."

"Ƙarya kake. Bakwai da rabi. Ina ƙirgawa. Ina maganar gonar da ka sayar?"

"Na manta ta."

"Shekara talatin kana ƙara wa kuka tsawo, yau ka manta? Ba na son sadaka. Gobe tara cif, ko in tashi zaune a gaban mutane in tuna maka."

Washegari Dogo ya yi tara, ya ƙara rabin minti don mugunta.

Sun yi wasan nan sau sittin da ɗaya. Maɗaba'a ta sallame shi a shekara ta biyu da fara wasan, don allura ta fara kuɓuce masa. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da bai dame shi ba, tunda gawa ba ta da magana. Kowace safiya yana matsa ƙwallon roba sau ɗari a bakin gado, matarsa na cewa ya ishe ta da nishi. Daraktoci suka saba: duk wasan da Marigayi zai mutu, sai an samo dalilin da Dogo zai riƙe masa hannu.

A farkon shekara ta uku, suna cikin gwaji, mayafi ya fara motsi ta wajen ƙafa. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Marigayi ya tashi zaune da ƙyar, ya yaye mayafin, ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama tana kaɗawa. Sannan ya dubi ƙarshen gadon, ya auna da ido.

"Ina kafinta? Zo nan. Samo katako mai kauri ka buga mini a nan, daidai tafin ƙafa, inda zan riƙa tokarawa. Ka sa ƙusa ta kirki, ba irin ta wancan karon ba."