Na Mayar da Kyautar Ɗana Don Kada a Ce Na Ci Sadaka

Da ana mayar da rana baya, da ranar da na hau babur na tafi Jega zan mayar, in zauna gida in kama bakina. Na tsufa yanzu, abin da ya rage mini shi ne in faɗa muku yadda aka yi, ko wani ya tsira.

A wancan lokaci, muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni dillalin albasa ne a Aliero, kuma Allah ya buɗa mini. Ina noma tawa, ina sayen ta mutane, ina lodin motoci zuwa kudu. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da ya sa nake iya rubuta sunana. Amma ina da girman kai irin na wanda ya tashi ba shi da komai ya samu. Abin da na fi ƙi a duniya shi ne a ce an taimake ni.

Babban ɗana tun yana ƙarami likita yake so ya zama. Kakansa na wajen uwa mai ɗori ne, kullum yana gindinsa yana riƙe masa kara da tsumma idan an kawo mai karaya. Da ya gama sakandare ya samu shiga jami'a a Sakkwato, aka ce sai ya yi shekarar share fage ta kimiyya, daga nan a zaɓi waɗanda za su wuce sashen likitanci. Ni dai abin da na sani shi ne in aika masa da shinkafa da kuɗin kashewa.

Wata ranar kasuwa muna tsakiyar awo, buhuna jibge, sai ga masinja daga ofishin ilimi na Jega. A gaban dillalai ya ɗaga murya ya ce gwamnati ta ba ɗana tallafin karatu, ana nemana in je in sa hannu a matsayin uba. Kafin in buɗe baki wani abokin hamayyata ya kwashe da dariya, ya ce, "Alhaji, ashe abin ya kai gwamnati ke ciyar maka da gida? Ka faɗa mana mana, mu ma mu haɗa maka zakka." Aka yi ta shewa. Wani ya ce dama motocin nan na bashi ne. Na yi dariyar yaƙe. A fahimtata, duk abin da aka ba mutum bai yi wa gumi ba sadaka ce, ita kuwa sadaka ta maraya ce da miskini.

Washegari na tafi Jega. Jami'in da na tarar yaro ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujera yana yi mini murna. Na ce masa ban zo sa hannu ba, na zo ne in ce a ba wani mabuƙaci, ɗana yana da uba da rai. Ya ce ba don talauci aka bayar ba, don ƙoƙarin yaron ne, ya fi takwarorinsa a jarrabawa, kuma abin zai yi masa amfani gaba. Na ɗauka lallashi ne irin na 'yan boko. Ya roƙe ni in bari sai na yi magana da yaron tukuna. Wannan ce ma ta ƙara tunzura ni, na ce tun yaushe uba ke neman izinin ɗansa. Na sa ya rubuta cewa mun yafe, na sa hannu. Na koma Aliero ina jin na yi aikin lada, har na ba da labari a majalisa aka ce Alhaji ya cika ɗan halak. Yaron kuwa ban gaya masa ba. Sai na ninka masa abin da nake aikawa.

Bayan an kwashe albasar rani, ina cikin rumfar ajiya da hantsi muna tsince ruɓaɓɓu, sai na ga ɗana tsaye da jakarsa, ba lokacin hutu ba. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Sannan ya ce an yi zaɓen likitanci. Gurabun kaɗan ne, masu maki kusa da juna da yawa, don haka sai aka fara da waɗanda ke riƙe da kyautar ƙwazo ta jiha, domin ita ce shaidar cewa an riga an tantance su. A wurin ganawar da aka yi da masu nema, wani malami ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ƙi karɓar tasa. Ya ce shi bai ma san an ba shi ba. Aka gaya masa mahaifinsa ne ya mayar, an ba wani yaro daga Maiyama da ke biye da shi, kuma wannan yaron ne ya samu gurbin.

Ya ɗago kai ya ce, "Baba, da gaske kai ne?"

Albasar da ke hannuna ta faɗi. Ni da nake ganin na kare mutuncin gidana, ashe ƙofar da yaron ya shekara yana ƙwanƙwasawa ce aka buɗe masa, na je da ƙafata na rufe. Na ce masa ni ne. Ya ɗauki jakarsa ya shiga wajen uwarsa.

Na koma Jega, na wuce har Sakkwato, na ce ko nawa ne zan biya. Wani dattijo a can ya ce mini, Alhaji, wannan ba kaya ba ne, kuma ba za a cire ɗan wani da ya shiga da gaskiyarsa ba. Shekarar da ta biyo ya sake nema, amma sabbin ɗalibai sun zo da tasu kyautar, bai samu ba. Ya karanta kimiyya ya zama malamin sakandare. Ya yi aure, ya riƙe ni da kyau, bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu ciwo ya sa asibiti ya zama mini gida na biyu, shi ne ke kai ni. Yakan tsaya yana yi wa likitoci tambayoyi, har wani lokaci su dube shi su ce, Malam, kai ma likita ne? Sai ya yi murmushi ya ce a'a, malamin makaranta ne. Ni kuwa in juyar da fuskata bango.

Na gane a makare cewa akwai abin da ake ba yaro wanda guminsa ne ya saya, ba tausayi ba, kuma darajarsa ba a kuɗin take ba, a sunan take. Ina roƙon iyaye irina, waɗanda ba su yi zurfi a boko ba: idan makaranta ta ba ɗanka wani abu, kada ka sa hannu a kansa, karɓa ko mayarwa, sai ka zaunar da shi ka tambaye shi mene ne. Dariyar 'yan kasuwa ta yini ɗaya ce. Ni ita na saurara, na ƙi sauraron ɗana. Don Allah kada ku yi irin nawa.