Buhu Sittin da Jirgin da Bai Sauka Ba

Buhu sittin na albasa, cikin rudu ɗaya cur, wato rumbun ajiyar albasa, su na zuba a kan maganar rediyo. Ko hankalina ya gushe ba na jin zan manta da wannan.

A shekarar na yi wa Inna alkawarin Umara. Ana haka sai aka sanar cewa gwamnati na zaman sulhu da kamfanonin jiragen waje, za a buɗe sabuwar hanya, kuɗin kujera zai faɗi warwas. Mu a Aliero albasa ajiye ta ake yi a rudu sai ta yi tsada, kowa ya san wannan. Amma ni mai wayo, wanda ba ya sayen buhu sai an zazzage ya ga na ƙasa, na ce bari in riga kowa. Na fasa rudu tun albasa na arha, na kai ta kasuwar Jega.

Wani abokin cinikina ɗan Maiyama ya tare ni. "Mi ya yi zahi haka? Gobara ta kama ka?"

Na ce jirgi zan tara. Ya saye buhu sittin ɗin duka yana yi mini addu'ar sauka lafiya.

Na garzaya wurin mai sayar da tikiti. Ya ce, "Alhaji, an samu gagarumin ci gaba. Sun amince za su sake zama." Bayan wata biyu na koma, an kafa kwamiti. Na sake komawa, kwamitin ya tafi ƙasar waje tattaunawa. Su dai bayin Allah sun hau jirgi, ba a ce ba a yi komai ba.

Kafin su gama shan shayi albasa ta ninka, kujera ma ta ƙara kuɗi. Na je na faɗa wa Inna. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"Ɗan nan, ka taɓa sayen gona don lawashi ya yi kore? Ai sai an tona."

Inna ta yi Umararta a shekara ta gaba, da kujera mai tsada, bayan na sayar da wani rudun a kan kari. Ribar buhu sittin ta tafi, ɗan Maiyama ya yi sabon babur, ni kuwa na tsira da karatu ɗaya: maganar gwamnati lawashi ce, kada ka fasa rudu sai ka ga albasar a hannu.